Me ya bambanta dajin Gashaka-Gumti da na Yankari?

Tambaya: Wani mai karatu daga Bauchi ya rubuto cewa ya sha zuwa Yankari, amma ya ji ana cewa a Taraba akwai gandun daji a kan duwatsu, mai sanyi da hazo, har da chimpanzi. Yana son sanin ko gaskiya ne, da kuma abin da ya sa dabbobin can suka bambanta.

Amsa: Gaskiya ne, malam. Gandun Gashaka-Gumti ke nan, wanda aka kafa a 1991 tsakanin Taraba da Adamawa, kuma babu gandun ƙasa da ya kai shi faɗi a Najeriya. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, dab da iyakar Kamaru, mai tsayin mita 2,419. Duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi.

Tsayin nan shi ne tushen bambancin. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Don haka a ƙasa, ɓangaren Gumti, daji ne irin wanda ka saba gani, da gwanki da kanki da ɓauna, dorina kuma na cikin koguna. Da ka fara hawa sai kurmi mai duhu ya rufe ka. Can ƙololuwa kuwa ciyawa ce shimfiɗe, iska na kaɗa ta, ga guntayen kurmi sun maƙale cikin kwazazzabai inda gobarar daji ba ta cika kaiwa ba.

Cikin kurmin ne chimpanzi suke, nau'in da ba a samu sai a Najeriya da Kamaru. Kowace yamma sai ya lanƙwasa rassa ya yi wa kansa shimfiɗa a saman bishiya, gobe kuma ya sake sabuwa. Yakan fere tsinke ya zura a rami ya ciro zuma ko kwarkwasa. A kan duwatsun kuma akwai gadar dutse, wadda ke tsayawa a kan tsinin kofatonta, ta haye falalen dutse inda ko akuya sai ta yi tunani.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Kurmin tudun nan ne ke riƙe ruwan sama yana sakinsa a hankali cikin rafukan da ke zuba a kogin Taraba, daga nan zuwa Binuwai. Makiyaya sun daɗe suna hawa tudun saboda babu ƙudan tsando, kuma ban ga laifinsu a kan haka ba. Amma wutar da ake cinna wa ciyawa kowane rani tana cin bakin kurmin kaɗan-kaɗan, ga masu saran madobiya, ga mafarauta.

In za ka je, ka bi ta Jalingo da Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take. Tsakanin Disamba da Maris ya fi, lokacin koguna sun ja. Ka tafi da bargo da rigar sanyi mai kauri, kuma kada ka shiga ba tare da ma'aikacin gandun ba.