Tambaya da Amsa: In jinkirta dashen tumatir don in riski tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a yankin Kadawa. Duk shekara da na fara tsinkar tumatir a Fabrairu sai kuɗin kwando ya faɗi warwas, amma daga Mayu ya yi tashin gwauron zabi. Shin in jinkirta dashe? Daga wani manomi a Kura, jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsadar da kake hange ta samo asali ne daga wahalar yin tumatir a lokacin. Sanyin hunturu yake so. Da zafin rana ya kai maki 35, dare kuma ya daina sanyi, sai fure ya kaɗe bai ƙulla 'ya'ya ba. A bazara ne kuma tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, take ƙarfi. Ita ce ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016.

Shawararmu, ka riga jama'a maimakon ka biyo bayansu. Raba gonarka uku, ka bar tazarar mako uku tsakanin dashe da dashe. Zuba irin farko a farkon Satumba, a kan gado mai tudu da rumfar ciyawa saboda ragowar ruwan damina. Bayan mako uku zuwa huɗu, ya yi ganye huɗu ko biyar, ka dasa da yamma: santimita 60 tsakanin layuka, 45 tsakanin tushe da tushe. Wata biyu da rabi bayan dashe ka fara tsinka, wato Disamba, kafin kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta cika da kaya.

Kashin ƙarshe shi ne zai haɗu da zafi, don haka kar ya yi yawa. Nemi iri mai jure zafi, ka lissafa kuɗin man injin ban ruwa tun kafin ka dasa, don ruwan da kake bayarwa sau ɗaya a mako da hunturu sai ya koma duk kwana uku. Tsallake ban ruwa kuwa shi ke kawo baƙin gindi a jikin ɗan tumatir. Riƙa duba ganye, kuma kar ka nace wa maganin feshi ɗaya, tsutsar tana sabawa da shi.

Kayan da za su kasuwar Mile 12 a Legas a tsinke su da sun fara sauya launi. Wanda ya nuna sosai ranar da kasuwa ta faɗi, a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma, a ajiye sai damina.