Hukuncin Horar da Karen Gida da Yunwa da Duka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a ƙasar Ringim. Ina da kare mai gadin gida da tumaki. An ba ni shawara in riƙa ɗaure shi ba abinci, ina dukansa, don ya yi zafi. Yanzu ya fara bin yara masu zuwa makarantar allo, har maƙwabcina ya kawo ƙara. Wani kuma ya ce kare a gida haramun ne ko don gadi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ajiye kare don kiwo, noma ko farauta ba a yi saɓani ba, koyar da shi kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambace shi.

Mai haramta gadin gida hujjarsa ita ce hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare yana tauyewa abu ukun nan kawai ya togace, kuma zahirin lafazin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, haka ya nuna. Amma me ya sa aka togace ukun? Buƙata ce. Ta yaya za a yarda kare ya tsare tunkiya a daji da rana, a hana shi tsare ta a turke da dare, lokacin da ɓarawo ke zuwa? Ta yaya za a halatta tsaron gero a gona, a haramta bayan ya shiga rumbu? Ibn Abdil Barr ya halatta don jawo amfani da kore cuta, Nawawi ma ya rinjayar da halaccin gadin gida. Mai Risalar kansa, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, an ruwaito katangarsa ta faɗi ya ajiye kare. Da aka tuna masa Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamanin, zaki zai ajiye. Kai da dangar kara ce tsakaninka da daji, kada ka shiga waswasi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ɗan'uwa, shi ne maƙwabcinka ya kawo ƙara. A wurin malamanmu na Malikiyya, mai kare idan aka gargaɗe shi ya yi sakaci, duk ɓarnar da karen ya yi daga baya tana wuyansa. An riga an gargaɗe ka.

Yunwa da duka haramun ne, ka daina yau. Ba sa koya wa kare gadi, tsoro suke cusa masa, kuma kare mai tsoro ba ya bambanta ɓarawo da yaro mai allo. Horarren kare a fiƙihu shi ne wanda in an aika ya tafi, in an tsawatar ya tsaya. Ka ba shi abinci da hannunka a kaskonsa, kan lokaci. Ka kira sunansa, in ya zo ka jefa masa ƙashi. In ya zabura wa mutum ka tsawatar nan take, ba sai anjima ba. Lokacin wucewar yara ka ɗaure shi a inuwa da ruwa a gabansa, ka sake shi bayan Isha'i. Yaran ma a hana su jifansa.

Ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka duk shekara. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya a tofi. Ka kuma taka da ƙafarka ka ba maƙwabcin nan haƙuri. Wallahu a'alam.