Kakanka da zamansa a hannun 'yan Biyafara

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka adana labarin kakanka da aka kama a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ga shi ba ya son zancen. Don Allah kada ka matsa masa. Wanda ya sha yunwa a tsare ba ya fasa cikinsa don an ɗora masa waya a gaba. Ka zauna da shi a soro bayan la'asar, ka fara da bataliyarsa da abokan da suka bar Kano tare, sauran zai biyo. In ya yarda, ka naɗi muryarsa. Ka tambayi kakarku ma, ita ta yi zaman jira. Kafin ka tura wa dangi a WhatsApp, nemi izininsa tukuna.