Koren gishirin da ke bakin baho

Ɗana, ka tambaye ni yadda koren ruwa ke fitar da farin shafe mai ƙyalli a jikin dalla, wato butar gahawa, da ko ɓawon da ke bushewa a bakin baho datti ne. Ba datti ba ne, kuɗinmu ne. Sunansa nikel salfet, kuma kowane kilo ɗaya na ɗauke da nikel kusan giram 220.

Koren nan daga ruwa yake. A cikin gishirin, kowane ƙwayar nikel ɗaya ƙwayoyin ruwa shida ne suka kewaye shi, su suka ba shi launin nan mai ɗan shuɗi-shuɗi. In aka gasa shi har ruwan ya fita kaf, sai ya koma rawaya. Ƙarfen na nan, narke yake kawai. Da mun rataya dalla muka ba ta wuta, nikel ɗin da ke yawo cikin ruwa sai ya nufo ta, ya karɓi lantarki, ya koma ƙarfe ya kwanta a kan tagullar. Sandunan nikel da ke gefen baho kuwa suna narkewa suna cike gurbin abin da ya fita. Amfiya ɗaya na awa ɗaya na kwantar da giram ɗaya da 'yan kai, shi ya sa ba na yarda a cire kaya don mai shi na tsaye a ƙofa yana sauri.

Haɗin da muke aiki da shi wani Ba'amurke ne mai suna Watts ya fitar a 1916, har yau a kansa ake. A lita ɗaya salfet wajen giram 250 zuwa 300, sai nikel kuloraid wanda ke hana sandunan dushewa, sai borik asid. Wannan na ƙarshen yara ke rainawa, alhali shi ke riƙe tsamin ruwan a wajen 4 a ma'aunin tsami na pH, inda lamba ke hawa in tsami ya ragu. Tsamin ya yi ƙasa da yadda ake so, wani koren tabo mai kauri zai fara fita, shafen ya yi gautsi. Ya yi yawa kuma, kumfar iska ta manne wa kayan, ka ga 'yan ramuka kamar bakin allura a cikin dallar. Zafin ruwan tsakanin digiri 50 da 60 ne, ga zafin Jidda, don haka baho na ƙafewa da sauri. Da tataccen ruwa ake cikawa, ban da na famfo.

Abin da ya dame ni shi ne na ga ka ɓanɓare ɓawon da hannu tsirara. Kada ka sake. Gishirin nikel na sa ƙaiƙayi da ƙuraje a tsakanin yatsu, gumi na ƙara shigar da shi, kuma jiki in ya tsane shi ya tsana ke nan, ko maɗaurin agogo ka ɗaura sai wurin ya tashi. Ƙurarsa ta fi muni, likitoci sun tabbatar shaƙarta na jawo kansar hanci da huhu. Ka sa safar roba da takunkumi, ka kankare shi da cokalin roba tun yana da danshi, ka narkar a ruwan ɗumi, mu tace mu mayar baho. Ruwan ɗauraya kuma a jarka ake tarawa, ba a zuba shi a kwata.