Amsa ga Kawu kan Yahudawa da 'ya'yan sabon dashe

Kawu, ina gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne: Bayahude mai riƙo da addini ba ya cin 'ya'yan itace sai bishiyar ta cika shekara uku da dasawa. Mu Musulmin Ƙudus hukuncin bai hau kanmu ba, amma duk mai sana'ar rainon dashe a cikinmu ya san shi, don masu saye ba sa barin tambaya.

Orla suke ce masa, yana cikin Attaura, Littafin Firistoci 19:23-25. Ba cin kaɗai aka hana ba. Ba a sayarwa, ba a ba dabba. 'Ya'yan shekara ta huɗu kuma sai an fanshe su da ɗan kwabo kafin a ci.

Ka ce ai na cikin tukunya bai taɓa ƙasa ba. To, tukunya ba ta kuɓutar da shi. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya ce ko tukunyar ba ta da huji, hukuncin yana nan. Inda ake kai ruwa rana shi ne ranar da za a fitar da shi a dasa. In an ɗauke shi da dunƙulen ƙasar da za ta iya rayar da shi, lissafi ya ci gaba. In ƙasar ta zube, saiwa ta fito tsirara, an koma farko. Idan tukunyar ba ta da huji, ko an ajiye ta a kan siminti ko leda, da yawa cikin malamansu sun ce a sake ƙirga daga ranar dashe. Shi ya sa za ka ga dattijo ya ɗaga tukunyar lemo yana leƙa gindinta, yana sa yatsa a hujin, kafin ya tambayi kuɗi. Ni wannan tsantseni yana burge ni, kuma ina ganin cin amana ne mai sayarwa ya ƙara wa dashe shekara.

Shekarun ma ba cikakku ba ne kullum. Wanda aka dasa kwana 44 kafin sabuwar shekararsu, wajen Satumba, an ƙirga masa shekara guda. Ayaba ba ta ciki, don ba sa ɗaukarta bishiya. Gwanda kuwa har yau malamansu suna saɓani a kanta.

A gaishe da su Inna da yara.