Amsa kan aikin sa waya a ƙwaƙwalwa saboda ciwon wuya da fuska

Salamu alaikum 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa idon Inna na rufewa da kansa, baki na motsi, wuya ya karkace, likita a Yawunde kuma ya kawo maganar aikin DBS, wato sa waya mai aika 'yar wuta a ƙwaƙwalwa, ko akwai wanda ya taɓa gani. Ni na gani a jikin yayana, mu a Garwa muke.

Shi tela ne, wuya ya fara juya masa gefen hagu har ya kasa bin layin ɗinki, aka ce iska ce, ba rubutun da bai sha ba, ba hayaƙin da ba a yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai, in ya ɗora yatsa a haɓa sai wuyan ya ɗan miƙe, mutane suka ce ai da gangan yake. Sai likitan jijiya ya ce mana wannan sananniyar alama ce ta distoniya, ƙwaƙwalwa ce ke aika wa nama saƙon ɗaurewa ba da son mutum ba. In ya haɗa ido da baki irin na Inna ana kiransa ciwon Meige, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1910.

Dan Allah kar ku yi gaggawar aiki. Ku fara kai wa likita duk kwalayen maganin da take sha, don irin su haloperidol da metoclopramide na amai suna jawo wannan ciwo in an daɗe ana sha. Sannan allurar Botox a naman da ke ɗaurewa, duk wata 3, ita ce matakin farko, yayana ya ji daɗinta sosai kafin ta daina kama shi, lokacin ne muka sayar da fili muka tafi Indiya aka yi masa aikin.

Aikin dai ba sabo ba ne, tun 1987 Farfesa Benabid ya fara shi a Grenoble ta Faransa don masu karkarwa. Siraran waya biyu ake sakawa can cikin ƙwaƙwalwa a wani wuri da suke ce wa GPi, a bi da su ƙarƙashin fata zuwa wani ɗan batir a ƙirji. Baya kashe ciwon, danne shi yake, kuma akwai haɗarin zubar jini ko ƙwayar cuta ta shiga wurin.

Wallahi watan farko kuka muka yi, wuya na nan yadda yake! Ashe na distoniya a hankali yake sauƙi, makonni ko watanni, ana ta komawa likita yana saita ƙarfin wutar. Da aka ƙara masa ƙarfi maganarsa ta yi nauyi, sai da aka rage. Wajen wata na biyar ya koma kan keken ɗinki.

To nan ne nake so ku tsaya ku yi lissafi, wa zai riƙa saita mata in kun dawo gida? Batir mara caji 'yan shekaru ne sai an sake ƙaramin aiki a canza, mai caji yana daɗewa amma kin san halin wutarmu lokacin zafi, mu sola muka sa saboda shi kaɗai, don in na'urar ta mutu kwatsam ciwon kan dawo da ƙarfi har a kwantar da mutum. Ku tambayi likitan waɗannan tun kafin ku biya ko sefa ɗaya. Allah Ya ba Inna lafiya, ki gaishe ta.