Filin Tambaya da Amsa: Jimlar kuɗi ta koma rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa wani dillalin hatsi a Gombe manhajar lissafi da JavaScript, bayanan suna cikin rumbun adana bayanai na PostgreSQL, kuma da pg, wato manhajar da ke haɗa JavaScript da PostgreSQL, nake ɗauko su. Na tara kuɗin buhunan masara da sum, na sa wa ginshiƙin suna jimlarKudi, amma manhajar ta ce babu wannan suna. Da na lalubo shi, na ƙara naira 2000 ta dako a kan 450000, sai na ga 4500002000. Ina kuskuren yake? Daga mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun sunan ba shi da wuya. PostgreSQL yana mayar da duk sunan da ba a sa cikin alamar zance ba zuwa ƙananan baƙaƙe, shi ya sa jimlarKudi ya dawo maka jimlarkudi. Ko dai ka rubuta AS "jimlarKudi", ko kuma, abin da na fi so, ka kira shi jimlar_kudi ka huta.

Na biyun ne ke buƙatar natsuwa. Idan ginshiƙin kuɗin nau'in integer ne, wato cikakkiyar lamba, umarnin tarawa na sum yana bayar da bigint, wato nau'in manyan cikakkun lambobi, wanda ke ɗaukar lambar da ta zarce 9,007,199,254,740,991, iyakar da lambar JavaScript ke riƙewa daidai, don haka pg yake miƙo ta a matsayin rubutu, gudun kada ta lalace ba tare da kowa ya sani ba. Alamar tarawa kuwa, idan ta haɗu da rubutu, jera su kawai take yi.

Mutane da yawa za su ce ka rubuta sum(kudi)::integer AS jimlar_kudi, kuma zai yi aiki. Sai dai integer yana tsayawa ne a 2,147,483,647, kuma idan a kobo kake ajiye kuɗin, wannan naira miliyan 21 da ɗoriya ce kawai, abin da dillalin hatsi kan iya wucewa a kaka guda. Ranar da ya wuce, PostgreSQL zai ƙi aiwatar da umarnin gaba ɗaya. Shawarata ita ce ka bar jimlar a bigint ɗinta, ka juya ta daga rubutu zuwa lamba da umarnin Number na JavaScript a cikin manhajar kafin ka ƙara mata kuɗin dakon.